Igiyar Akwati na Bakwai

Abu na farko da nake sa sabon ma'aikaci ya yi, tun kafin ya taɓa komai, shi ne ya juye aljihunsa. Makulli, waya, biro, zobe, agogo, duk a zuba su cikin kwandon da ke bakin ƙofa. Wani ya yi dariya, wani ya ɓata rai kamar na kira shi ɓarawo. Ni dai ba na buɗe masa ƙofar ɗakin kaya sai na ga aljihun nan ya fito waje kamar harshe.

Na rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuke tare ni ranar Lahadi a gidan abincin nan na Al Sabkha, kuna cewa, "Baba Habu, a samo mana irin aikinka mana. Ɗauki hoto daga nan ka kai can, a cikin sanyi, ai wannan hutu ne." A can ba na iya ba ku amsa. Tuwo yana hucewa, ku kuma idonku yana kan waya. Sana'ata ita ce ɗaukar kayan tarihi da zane-zane: mu sauke su daga mota, mu kwance, mu jera inda jama'a za su gani, in an gama mu mayar da su yadda suka zo. Gaskiya ne akwai sanyi. Amma a cikin sanyin nan na yi gumin da ban taɓa yin irinsa a rana ba.

Ni a kago na tashi, wato harkar ɗaure kaya a tura wata ƙasa. Shekara goma sha huɗu na yi a wani shago a lungun Naif a nan Dubai, wurin Alhaji Isufu mutumin Maraɗi, mai haɗa wa 'yan kasuwa kayansu su tafi Kano da Yamai. Ranar da na fara aiki wata Hajiya ta kawo takalma katan goma sha biyu, kowanne an ɗaure shi da igiyar roba. Na durƙusa ina kwance ƙulli da farce. Alhaji ya tsaya a kaina yana kallo, can ya zaro wata 'yar wuƙa mai jar ƙota ya jefo mini.

"Ɗan Kano, auren igiyar za ka yi? Nan ba a kwancewa. Yanka! Ale, ale, maza!"

Karatun farko ke nan, kuma ya shiga jikina sosai. A kago, kwali abokin gaba ne, don yana ƙara nauyi yana cin wuri. Takalmi ya zo cikin kwalinsa mai kyau, ka fitar da shi, ka cusa ƙafa ɗaya cikin ɗaya, ka take kwalin ka jefar. Jaka ta zo da takarda a cikinta, ka zaro takardar ka cusa ƙananan kaya. Ka danne buhu da gwiwa, ka ɗinke da basilla, ka naɗe da salatif. Abin da ke ciki shi ne kaya, abin da ke waje shara ne. Na ƙware har ina yanka igiya ina hira da mai kaya ba tare da na duba hannuna ba. Suna da adireshi Alhaji ke rubutawa a jikin buhu. Ni ban yi boko ba, lamba kawai na sani.

Sai shekarar korona ta zo. Jirage suka tsaya, aka rufe unguwar Naif, ba shiga ba fita. Da aka buɗe, Hajiyoyi ba su dawo ba. Muka yi ta zama a kan buhunan da babu mai karɓa, muna kallon lungu fayau kamar ranar da aka yi rasuwa. Alhaji ya jure iya jurewarsa, daga ƙarshe ya ja ƙofar shago ya koma gida. Bizata kuwa a kan shagon take. A ƙasar nan in wurin aikinka ya mutu, kwanakinka sun fara ƙirguwa. Ina da 'ya'ya huɗu a Rano, uku suna makaranta.

Wanda ya ciro ni shi ne Bitrus, mutumin Wusasa ta Zariya, mai kula da na'urorin sanyi a wani gidan nuna kayan tarihi. A kan abra muka san juna shekarun baya, wato ɗan jirgin ruwan nan da ke tsallaka da mutane zuwa Bur Dubai. Da ya ji ni Bakano ne ya ce ya sami bawa, ni ma na ce na sami nawa, shi ke nan muka ƙulla. Shi ya ji cewa kamfanin da ke ɗaukar musu kaya yana neman mutum mai ƙarfi kuma mai natsuwa, ya kai ni da kansa.

Aikina na farko a kamfanin, wani zane ne da bai fi faifai biyu girma ba, za a rataye shi a falon wata mata Balarabiya. Na miƙa hannu zan ɗauka, shugaban aikinmu Mista Binoy ya daka mini tsawa. Abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, mu biyu muka ɗauka. Kafin a ɗaga sai an bi hanyar da ƙafa, an kawar da kujera, an naɗe darduma, an buɗe ƙofa an tokare ta, an shimfiɗa soso a inda za a ajiye. Ba a ɗaga abu sai an san inda zai sauka. Matar ta sa muka canza masa wuri sau biyar, kowane sau kuma sai an sake bin hanya. Muka shiga da hantsi, muka fito bayan la'asar. A kago a wannan tsakanin da na cika rabin kwantena.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Safar hannu, soso mai laushi, farar takarda mai taushi kamar auduga, farin zaren ɗauri, keken tura kaya mai tayar roba, sukundireba, ma'aunin tsayi, da wata 'yar na'ura mai nuna yawan danshin ɗaki. Wuƙa ɗaya ce tak, tana kulle cikin akwatin Mista Binoy. Tawa mai jar ƙota kuwa tana nan a ƙaramin aljihun wandona inda ta saba zama. Ba ɓoye ta na yi ba. Na daina ganinta a matsayin wuƙa ne, ta zama kamar yatsa. Lokacin kuma ba a juye aljihun kowa.

Abin da na ɓoye shi ne rashin karatu. In an miƙo takarda sai in taɓa aljihun riga in ce na manta tabarau. In duba lamba, in duba launin alamar da aka manna, in kalli abin da na kusa da ni yake yi. Wata tara ina tafiya a haka babu wanda ya ce mini uffan.

Kayan Japan sun iso ranar wata Talata, cikin mota mai sanyi. Na wani tsohon gidan sarauta ne, mutanen da kakanninsu suka riƙe wani yanki da takobi zamani bayan zamani. Yau babu mulki a hannunsu, amma ba su watsar da kayan gado ba. Sun gina musu gidan tarihi, suna adana su, wani lokaci su ba da aro a kai wata ƙasa a gani a dawo musu da abinsu. An aro su ne don a nuna wata uku a gidan da Bitrus ke aiki. Tare da kayan aka turo wata mata mai furfura, Madam Nishida, wadda ta shekara talatin tana kula da su. Tun daga filin jirgi ba ta yarda motar ta ɓace wa idonta ba.

Da aka shigar da manyan akwatunan, ta ce kada a taɓa sukuru ko ɗaya sai gobe. Kaya sun fito daga wata iska sun shigo wata, sai sun huta sun saba. Ta sa Bitrus ya tsaya kan na'urar danshi, in lamba ta motsa kaɗan sai ta kira shi. Sannan ta raba mana takarda ɗaya-ɗaya, an rubuta da Turanci, layi-layi. Mista Binoy ya ba mu 'yan mintoci, ya ce, "Kowa ya karanta?" Kowa ya ce e. Ni ma na ce e, na ninke ta na sa a aljihu.

Ban taɓa ganin mai aiki irin matar nan ba. Kafin ta taɓa abu sai ta ɗan sunkuya masa kamar mai gaida babba. Akwai sulke da kwalkwali mai ƙaho, an haɗa shi da zaren siliki, ta yi wuni guda tana tsayar da shi. Akwai takobi, wanda in an zare shi babu mai magana, don kada tururin baki ya sauka a kan ƙarfen. Akwai zanen da ake naɗewa kamar tabarma, tana warware shi taƙi-taƙi. In za ta ɗauki abin yumɓu sai ta cire safar hannu, ta wanke hannu ta bushe, ta zauna ƙasa-ƙasa ta kafa gwiwar hannu a tebur, don ko ya suɓuce ba shi da nisan faɗuwa. Kowane abu kuma yana cikin ɗan akwatinsa na katako mara nauyi kamar totuwa, wani ma akwati cikin akwati.

Ranar Alhamis aka ba ni tebur na ƙananan kaya. Aikina shi ne in ciro ƙunshi daga soso, in kwance farin zaren ɗauri, in warware farar takarda, in ajiye akwatin a kan shimfiɗa. Na yi shida lafiya. Duk shidan sababbin akwatuna ne masu haske, Madam ta zo ta buɗe su da kanta. Aiki ya riga ya yi baya, don wani babban akwati ya makara a filin jirgi, ga shi saura kwanaki kaɗan a buɗe wa baƙi. Mista Binoy yana ta kai da kawowa yana duba agogon bango.

"Yalla Habu, yi sauri! Kana shafa akwati kamar jariri. Buɗe, ka shirya mata, kada ta zo ta tsaya jira."

Na bakwai da na ɗaga murfinsa sai na tarar da wani akwatin a ciki, tsoho, ya yi duhu kamar an shafa masa hayaƙi. An ɗaure shi da wata igiya mai faɗin yatsa, ta koɗe, ta yi dauɗa, launinta tsakanin shuɗi da toka. Madam tana can ƙarshen ɗaki tare da mai ɗaukar hoto, ta ba ni baya. Na ce bari in rage mata aiki. Na gwada ƙullin da farce, ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi. Ban tuna na yanke shawarar komai ba. Hannuna na dama ne ya tafi aljihu ya dawo, kamar yadda ya yi sau dubu a Naif.

Ƙarar ba ta kai ta karyewar tsinken ashana ba. Igiyar ta kwanta gefe biyu, wuƙa ta koma aljihu. Har na fara neman kwandon shara da ido, sai na ga fuskar Mista Binoy. Bakinsa a buɗe, jini ya bar fuskarsa. A nan na san na yi wani abu, amma ban san girmansa ba.

Madam ta dawo tana duba takardarta. Da ta iso tebur sai ta tsaya cak. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye takardar a hankali, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da akwatin, ta faɗi wata magana da yarensu ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba.

Mista Binoy ya matso ya taka mini ƙafa. "Madam, tsohuwar igiya ce, ta gaji. Yana taɓawa ta tsinke."

Ta zaro gilashin ƙara girma daga wuyanta, ta duba bakin igiyar na dama, ta duba na hagu. Turancina na kasuwa ne, amma na ji abin da ta ce.

"Igiyar da ta gaji gashi take fitarwa. Wannan bakinta a daidai yake."

Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu biyar. Takalmin Mista Binoy yana nan a kan yatsuna yana dannawa. Kusa da ni akwai wani ɗan Nepal da shi ma ya taɓa tebur ɗin da safe, na ga ya ja da baya. Na janye ƙafata, na zaro wuƙar. Ban ɗora ta a tebur ba, na sunkuya na ajiye ta a ƙasa a gabanta. Na ce, "Ni ne, Madam."

Ta ce kowa ya fita. Ta kulle ɗakin ta riƙe makullin. A bakin ƙofa Mista Binoy ya gaya mini yadda abin yake, yana magana ta tsakanin haƙora. Za ta sanar da gidan tarihinsu. In mutanen gidan suka ce a dawo musu da kayansu, za a mayar da komai, babu nunin, kamfani ya ji kunya a gari. "Kai kuma," in ji shi, "ka fara haɗa jakarka."

Kwana huɗu na yi ina jira. Kullum da safe in je ma'ajiyar kamfani, a ba ni tsintsiya ko a sa ni yanka soso da almakashi. Babu mai zama kusa da ni lokacin cin abinci. Duk sanda waya ta yi ƙara a ofis sai in tsaya da shara in kasa kunne. Matata ta kira tana ba ni labarin jarrabawar babbar 'yarmu, na ce mata komai lafiya. Fasfona da katin shaidata na ɗauko su na sa a leda, ina yawo da su a jiki, ban san dalili ba.

A rana ta biyu Mista Binoy ya kira ni ofis ya miƙo mini takarda da biro. "Sa hannu a nan. Ba wani abu ba ne, bayanin abin da ya faru ne kawai."

Na taɓa aljihun riga. "Oga, na manta tabarau. Bari in kawo gobe."

"Tabarau na me? Layi ɗaya za ka ja, kalas, an gama."

"Gobe, Oga, in sha Allahu."

Bayan la'asar na hau abra zuwa Bur Dubai, na sami Bitrus a ɗakinsu yana wankin kayan aiki. Ya goge hannu ya karɓi takardar, ya karanta, ya sake karantawa.

"Bakano, wannan ta ce kai da kanka ka roƙi a sallame ka, babu wanda ya matsa maka. In ka sa hannu, sai filin jirgi."

"To in ban sa ba fa?"

"In ba ka sa ba ma suna iya korar ka. Amma bar su su yi da hannunsu, kada ka yi musu aikin. Ka jira amsar Japan."

Da zan mayar da ita aljihu sai ɗaya takardar ta faɗo, wadda Madam ta raba mana. Ya ɗauka ya warware. Na ga yatsansa ya sauka layi na uku ya tsaya.

"Tun yaushe wannan take jikinka?"

"Tun ranar Talata."

"To saurara. Akwatuna, da igiyoyinsu, da ƙyallayen naɗi, da takardun ciki, duk kayan gado ne daidai da abin da ke cikinsu. Kada kowa ya kwance igiyar tsohon akwati sai mai kula da kayan." Ya ajiye takardar a gwiwa. "Malam Habu, me ya hana ka kawo mini?"

Na taɓa aljihun riga.

"Wallahi kabewa ta cika muku kai, ku Kanawa. Shekara nawa muna cin abinci kwano ɗaya? Kana tsammani ban sani ba? Mutum kullum ya manta tabarau, amma ya hango kifi a ruwa daga kan abra!"

Ya yi dariya, ni ban iya ba. Ya ga haka ya daina, ya zuba mini shayi.

Washegari na ce wa Mista Binoy ba zan sa hannu ba sai an ji daga Japan. Ya ce in ban sa ba zai rubuta cewa na shigo da makami wurin aiki. Na ce to. Na koma kan tsintsiyata. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ranar Litinin da hantsi aka ce in je gidan tarihin. Na roƙi a kira mini Bitrus ya yi tafinta, don ba na son ko kalma ɗaya ta wuce ni. A ɗakin akwai Madam, da Mista Binoy, da shugabar gidan tarihin. Akwati na bakwai yana kan tebur a buɗe. A gefensa ga abin da ke ciki: wani kwanon shayi na yumɓu, baƙi, bai ma daidaita ba, irin wanda in ka gani a kasuwa ba za ka waiwaya ba. A bakinsa akwai wani siririn layi inda aka taɓa gyara shi. Igiyar kuma tana kwance a kan farar takarda, gida biyu.

Madam ta yi magana a hankali, Bitrus yana juya mini. Ta ce igiyar nan don gidan sarautar kaɗai aka saƙa ta, shuɗi da ratsin ƙasa-ƙasa biyu. A da kowane babban gida yana da saƙarsa da irin ƙullinsa, don maigida ya gane in wani ya buɗe masa akwati a bayan idonsa. Igiya ɗaya ce, ta ratsa ta ƙarƙashin akwatin ta fito, kuma ta girmi kakar kakarta. Ita kanta in za ta kwance ƙullin sai ta yi minti goma da ɗan tsinken gora. Masaƙan da suka yi ta sun daɗe da ƙarewa. Ba za ta sake zama ɗaya ba.

Ta ce ta gaya wa dattijon da ke riƙe da gidan sarautar yanzu a waya. Bai ba da amsa ba sai da ya kwana uku. Tambaya biyu ya yi: an adana guntayen duka biyu? Kuma mutumin shi ya faɗa da bakinsa, ko kama shi aka yi?

Sannan ta buɗe wata doguwar takarda. Ta ce kowane abu a gidansu yana da irinta, inda ake rubuta duk abin da ya same shi. Ta nuna layin bakin kwanon, ta nuna wani wuri a takardar. Wani baran gidan ne ya taɓa sakin kwanon a zamanin da, aka gyara, aka rubuta sunansa. Sunan yana nan har yau. Dattijo ya ce a ci gaba da nunin. Igiya ta koma gida a naɗe a cikin akwatinta. Amma a rubuta abin da ya faru a ƙaramar takarda a haɗa da ita, wanda ya yanka kuma ya sa sunansa da hannunsa.

Mista Binoy ya gyara murya. "Madam, kada ki damu, mun riga mun cire shi daga aikin."

Ta juya ta dube shi. "Wa ya ciro akwati na ɗaya zuwa na bakwai daga soso?"

"Shi ne, amma..."

"To shi ya ga yadda suka kwanta. A wurinmu wanda ya buɗe shi yake rufewa. In na dawo ranar rufewa ban same shi ba, zan rubuta wa gida cewa an canza mini hannu ba da sanina ba."

Shugabar gidan ta kalli Mista Binoy, shi kuma ya kalli ƙasa. Madam ta turo mini wata 'yar takarda da fensir, ta nuna inda zan rubuta.

Hannuna ya tafi aljihun riga don in ce tabarau, sai na haɗa ido da Bitrus. Na sauke hannun. Na ce, "Gaya mata ban iya rubutu ba. Takardar da ta ba mu ma ban karanta ba. In da tawada, in dangwala yatsa."

Ya gaya mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce tawada ba ta shiga ɗakin nan, fensir kaɗai. Ta ja kujera ta zauna, ta ce muna da lokaci.

Bitrus ya yagi gefen kwali ya rubuta Abubakar da manyan baƙaƙe ya ajiye a gabana. Na riƙe fensir kamar basilla. Mutum uku suna tsaye a kaina, Madam tana zaune a gefe, gumi yana bin bayana a cikin sanyin da kuke sha'awa. In kwaikwayi baƙi ɗaya, in ɗago in duba, in kwaikwayi na gaba. Bakin fensir ya karye sau ɗaya, ta fere mini wani a waje ta kawo. Da na gama, sunan ya hau tudu ya gangara. Ta karɓa da hannu biyu, ta ninke tare da igiyar.

Ba a kore ni ba, amma kada ku ce an yi biki. An ɗauke ni daga tebur aka mayar da ni tura keke har tsawon nunin. Takardar sallamar nan kuma Mista Binoy bai yaga ta ba, a gabana ya mayar da ita durowa. Yau ni ke karɓar sababbin ma'aikata, amma duk sanda lokacin sabunta biza ya matso sai na tuna durowar.

Kafin Madam ta koma, ta ba ni guntun igiya sabuwa ta nuna mini ƙullin sau uku. Na je Naif na roƙi kwalin takalmi guda, irin waɗanda na shekara goma sha huɗu ina takewa, na huda ƙasansa na zura igiyar. Kullum bayan sallar asuba in ɗaura in kwance sau goma. A makon ne kuma na shiga ajin manya da wani malami ɗan Gana yake yi ranar Lahadi da safe a Bur Dubai. Can na koyi abin da nake rubuta muku da shi yanzu.

Da wata uku suka cika ta dawo da sabuwar igiya daga ƙasarsu. An yi ƙoƙari, ratsin ya yi kama, amma shuɗin ya fi haske, ko ni na gani. Ta naɗe kwanon da kanta, ta sa shi a akwati, ta kwantar da ƙunshin tsohuwar igiya a gefensa, ta rufe murfi. Sai ta ja da baya ta nuna mini. Na ɗaura, ta duba ta kwance. Na sake ɗaurawa, ta sake kwancewa. A na uku ta daɗe tana kallo, ta taɓa kunnen ƙullin da yatsa ɗaya, ta bar shi. Muka sa akwatin cikin na waje, muka kwantar da shi a soso ta gefen da na same shi.

Wuƙar ban sake ganinta ba, ban kuma tambaya ba. Amma ku sani hannu ba ya mantuwa da wuri. Jiya ma an kawo mana wani ƙunshi daga filin jirgi, ƙullinsa ya ƙi kwancewa, na gwada da farce sau biyu. Kafin in ankara hannuna na dama ya riga ya shiga ƙaramin aljihu. Fensir ya taras.